Saiwar da Gwaggo Delu Ta Kai Akokan

Tun da na dawo daga Arlit ba a bar ni na sha ruwa da daɗi ba. A gidan suna, a wurin niƙa, har a bakin famfo: "Saude, yaya Arlit? Da gaske ne ƙasarsu tana ƙona tafin ƙafa ko da takalmi?" Wasu kuma na san ba Arlit ɗin ce ta dame su ba, so suke su ji abin da ya haɗa ni da Baba Illo. To, bari in faɗa gaba ɗaya, wanda ya ji ya kai wa wanda bai ji ba, ni kuma in huta.

Ga wanda bai san mu ba, garinmu Kwarin Gawo ne, a gefen gulbin Maraɗi. Ƙaramin gari ne, amma duk inda aka ce man na'a-na'a, sunanmu ake kira. Tamu ba koriyar da ake jefawa a shayi ba ce. Baƙa ce, karanta kamar an shafa masa shuni, idan ka murza ganye ɗaya sai hawaye ya zo maka. Muna yanka ta kafin rana ta yi zafi, mu shanya a inuwa ta yi laushi, sannan mu turara ta a man gyaɗa cikin tukunyar ƙasa, a wuta mai sanyi. Mai mura, mai ciwon kai, mai jego da ƙirjin jaririnta ya toshe, duk suna nemanmu. Ba ta yin iri. Daga saiwa take tashi, kuma tun kakanni akwai doka a gidanmu: saiwa ba ta fita daga fadamarmu. Man kawai ake sayarwa. Ƴar gida ma idan za ta yi aure a wani gari, sai an duba kayanta.

Sai aka yi damina mai ambaliya, gulbi ya cika ya kwanta a fadamar ya ƙi tashi. Da ruwa ya janye muka tona, babu komai sai ruɓaɓɓen abu mai wari. Muka jira wata damina ko za ta tsiro, shiru. Tukwanenmu suka koma na jiƙa wake. Matan da suka aurar da ƴaƴansu da sana'ar nan suka koma tallar ƙuli-ƙuli, kuma baƙi suna zuwa da kwalabe suna komawa da su babu komai.

Kowa a gidan ya san akwai wuri ɗaya da saiwar ta taɓa zuwa, amma babu mai faɗa. Gwaggo Delu, yayar mahaifina, ta auri wani ma'aikacin ramin uraniyum tun ban yi wayo ba, kuma an ce a cikin ƙullin dawo ta ɓoye saiwa ta tafi da ita Akokan, unguwar ma'aikata a gefen Arlit. Tun daga nan ba a ƙara gaishe ta da sallah ba. Na sami Baba Illo, ƙanensu, wanda shi ne babban gida yanzu, na ce zan je in roƙo.

"Mi? Mu roƙi ɓarauniya abin da ta sace muna?" in ji shi. "In kin tahi, ba da yawuna ba."

Na ce, "Baba, ai ba yawu zan shuka ba." Na san maganar ta yi kauri, amma ta riga ta fita. Maigidana bai hana ni ba, ya ce dai in riƙe katin shaidata da kyau.

Na shiga kar, babbar motar fasinja, a Maraɗi, muka bi ta Madawa da Tawa. Wanda ke zaune kusa da ni wani Ba'adare ne mai zuwa haƙar zinariya a Tchibarakaten, ya rungume wata na'ura a cikin bargo kamar jinjiri. Da ya ji abin da zan je nema sai ya juya ya sanar da duk motar. "Jama'a, ku ji! Mu muna tahiya neman zinariya, hajiya tana tahiya neman haki!" Aka yi ta dariya. Daga nan sunana ya koma Hajiya Mai Haki, har jandarman da ke duba katuna a shingen Abalak da haka ya kira ni, don ya ji ana faɗa. Ban kula su ba. Na buɗe dambun zogalena na ci, kuma ban yi wa Ba'adaren tayi ba.

A Agadas muka kwana a tashar kamfanin motar, mata gefe guda a kan tabarmi. Da safe aka ba ni ruwa a buta guda, na yi tsammanin na alwala ne, ashe har da wanka ake nufi. A nan na fara ganin abin da ya juya min kai: mazan Abzinawa sun naɗe fuska ba a ganin komai sai ido, matansu kuwa fuska a buɗe, suna ciniki da murya sama. Idan namiji zai sha shayi sai ya cusa ɗan kofin ta ƙarƙashin rawani. A garinmu da an ce mara gaskiya ne. Shayin kuma ba a sha a tashi. Sau uku ake dafawa, kuma idan ka sha na fari ka miƙe, ka yi rashin kunya. Na ɗauki na'a-na'ar da mai shayin ke jefawa na shinshina. Koriya ce, mai ƙamshin alewa. Na mayar masa da abarsa.

Hanyar Agadas zuwa Arlit kuwa, wanda ya kira ta hanya Allah ya yafe masa. Kwalta ta cinye ta bar ramuka, direba ya sauka gefe yana bin sawun manyan motoci a cikin rairayi. Kaina ya gaisa da rufin mota har na daina jin zafi. Wata tsohuwa a bayana ta riƙe kwanon cukunta a ka, duk girgiza sai ta yi salati, duk salati sai cuku ɗaya ya faɗo a wuyana. Na tara mata su a gefen zane, da muka isa ta ce in riƙe rabi.

Arlit gari ne da babu wanda aka haifi kakansa a cikinsa. Kafin a tambaye ka lafiya sai an tambaye ka daga ina, kuma ko ba ka amsa ba bakinka zai amsa. Na ji Hausar Damagaram, ta Adar, ta gida, da wadda Abzinawa da Fulani suka lanƙwasa yadda ta yi musu daɗi, duk a layin masu kayan miya guda. Ina cewa Maraɗi sai wani mai adaidaita ya ce shi ma, ya ɗauki jakata kamar ɗan uwa. Shi ya kai ni Akokan, ba nisa. Gidajen ma'aikata ne a jere, iri ɗaya, da yawa a kulle tun da aka rufe ramin. Akuyoyi na kwance a barandar mutane.

Gwaggo Delu ƴar ƙarama ce, goro ya rina haƙoranta, kuma hancinta na mahaifina ne sak. Mijinta ya rasu, ƴaƴanta maza sun tafi zinariya. Na durƙusa zan gabatar da kaina, ta ɗaga hannu.

"Tashi. Ɗiyar Mamman ce, na gani ga goshi. Wa ya mutu?"

"Ba kowa, Gwaggo. Hwadama ce."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta ce in ci abinci tukuna. Ta dafa min shinkafa da wake da yaji mai ƙuli, ta ba ni shimfiɗa a ɗakin ɗanta, inda tsohuwar hular ƙarfen mahaifinsa ke rataye. Ba ta tambayi Baba Illo ba, ni ma ban kawo shi ba.

Da gari ya waye ta kai ni garkarta a bayan unguwa. Tun daga nesa gabana ya faɗi. Ruwan da ke gangarowa garkunan gefensu ya ja baya tun da aiki ya tsaya, kuma nata fegin ya bushe ƙarau, ƙasa ta tsattsage. Na tsuguna na tona da yatsa, na ciro wata saiwa ta karye a hannuna kamar tsinke. Wallahi na yi kuka. Na tuna dariyar cikin mota, na tuna fuskar Baba Illo idan na koma hannu biyu, na tuna tukunyar uwata cike da jiƙaƙƙen wake.

Gwaggo ta bar ni na gama, ta tofar da goro. "Kin ƙare? To, taso mu tahi yawo."

Gidan farko da muka shiga na wata Rahila ce, Kirista ƴar Damagaram mai ɗinki, a bayan ƴar ƙaramar majami'arsu. A tsakar gidanta, ƙarƙashin randa, akwai bido, wato jarkar roba, da aka yanke gida biyu. Tun kafin in gani hancina ya faɗa min. Baƙar na'a-na'armu ce, ta yi kumbura tana zubowa ta gefe. Daga nan muka shiga gidan wani mahauci, tana cikin tsohuwar taya a inda suke alwala. Muka shiga gidan wata Ba'abziniya, tana cikin kwanon wanki da ya huje. Matar ta tsinko ta jefa a butar shayi a gabana, ta ce, "Gwaggo ne ya ba ni, shi ne uwanmu duka."

Ba zan ɓoye ba, raina ya ɓaci. Abin da aka hana mu ko fita da ganyensa ƙofar gida, ga shi a butar shayin baƙi, ga shi akuya na leƙa shi. Da muka fito na ce, "Gwaggo, duk garin nan kika raba wa?"

"Duk wanda ya zo da gwangwani. Har Anu Araren an kai, wurin masu gawayi." Ta tsaya ta dafa bango ta huta. "Ku kun tsare ta wuri guda, ruwa ya iske ta wuri guda. Ni tawa garkar ta mutu, kin ga ina kuka? Shekara da shekaru ana ce min ɓarauniya, ko gaisuwar mutuwar mijina ba a aiko ba. Yau ga ɗiyar gidan ta zo da ƙahwarta."

Muka koma wurin Rahila, don tata ta fi ƙarfi. Ta ce za ta ba ni, amma akwai sharaɗin da Gwaggo ta gindaya wa kowa: wanda aka ba, sai ya ba wani. "Kuma ba ɗan gidanku ba," in ji ta, tana dariya. "Ni ma haka aka yi mini. Na ba limamin unguwa, ya ce ba ya karɓar kyautar da babu sharaɗi, na ce ai akwai." Na tuna dokar gidanmu. Gwaggo ta ce idan ba zan iya ba in faɗa tun yanzu, a bar abin a inda yake. Na ce na ji. Ban ce na yarda ba, kuma ta lura.

Gwaggo da kanta ta tono saiwar, ta zauna a turmi ta wanke ta tas, ruwa bayan ruwa, har ba sauran ƙwayar ƙasa. Na ce ai da ƙasarta za ta fi jure hanya. Ta ce, "Ƙasar nan ba ta tahiya ko'ina. Mu mun saba da ita, mun san tarin da ta bar ma mazanmu. Ku bar muna abinmu." Ta naɗe saiwar a jiƙaƙƙen buhun algarara, ta sa a yankakken bido, ganyen na leƙowa sama. Ta ce kada buhun ya bushe ko sau ɗaya. Da za mu rabu ban san lokacin da na rungume ta ba, ita kuwa ta ture ni ta ce mota ba ta jira.

A shingen fita gari wani jandarma ya ga ganye a cinyata ya ɗaure fuska, ya ce in sauko. Ya ɗauka abin da samari ke busawa ne. Na ce ya murza ya shinshina. Ya murza da ƙarfi, ya kai hanci, sai ga shi yana atishawa yana share ido, abokan aikinsa na riƙe ciki. Ya ce in hau in tafi da masifata.

Masifar gaske tana gaba. Tsakanin Arlit da Agadas wani ƙarfe ya karye a ƙarƙashin motar da rana tsaka, a wurin da babu ko itace ɗaya. Muka rakuɓe a inuwar motar. Nan da nan maza suka hura gawayi, aka ɗora buta, sai idanu suka juyo kaina. "Hajiya, a taimaka da ganye biyu." Na ce babu. Wani ya ce rowa a cikin daji ba kyau, wani ya miƙo hannu yana wasa. Na ɗora bidon tsakanin ƙafafuna na rufe da zane, na ce wanda ya taɓa zai san daga gidan da na fito. Aka koma ana gunaguni, ana cewa matan Maraɗi sai a hankali.

Zafi ya yi ta shanye buhun. Na zuba ruwan shana kaɗan-kaɗan har ya ƙare, leɓena ya fara tsagewa, ganyen suka sunkuya. Gyara ya ƙi ƙarewa. Can wata Ba'abziniya da ke zaune nesa da ni da ƴaƴanta ta taso da ƴar salkarta. Ta ɗaga zanena, ta tsiyaya ruwa a kan buhun, sannan ta miƙo min in sha. Na ce yaranta fa? Ta ce, "Yara ya sha. Kai kana ba ciyawa ruwa, kai ba ka sha ba. Ciyawan nan babba ne." Ita ce mutum ta farko tun daga gida da ba ta yi min dariya ba.

Da aka gama gyara, tare muka ci gaba har bayan Agadas. Kusa da Abalak ta ce a sauke ta, akwai rijiya da ƴar garka a rugarsu. Tana tattara yara, hannuna ya shiga cikin buhun. Na ji muryar Baba Illo a kunnena, na ji ta uwata ma. Na karya saiwa mai ido uku na naɗe a tsumma na ba ta, na nuna mata yadda za ta kwantar da ita a ƙasa mai laima. Na ce, "Amma sai kin ba wani." Ta gyaɗa kai kamar abin da ta sani tun da. A Madawa na karya wata na ba mai furar da ta bar ni na jiƙa buhu a randarta. Wannan karon ban ji muryar kowa a kunnena ba.

Labari ya riga ni isa gida. Ban ko kwance kaya ba Baba Illo ya aiko. Na same shi a zaure da dattawan gida, an riga an yanke shawara: za a shuka a tudun fadama, a kewaye da ƙaya, a koma kan doka. Ko sunan Gwaggo ba a ambata ba. Na ce an ba ni da sharaɗi, kuma na riga na fara cikawa a hanya.

Baba Illo bai yi tsawa ba, abin da ya fi min ciwo ke nan. Ya ce, "Saude, ke yarinya ce? In kowane ƙauye ya samu, wa zai taka ya zo Kwarin Gawo? Da mi za a san mu? Kakanninmu ba mugunta suka yi ba, abinci suka tsare muna." Gaskiya ne, kuma har yau ba ni da amsar da za ta cika cikin kowa. Na ce, "Baba, ni dai na ga hwadama mai ƙaya, na ga bidon Rahila. Na san wanda ya rayu." Ya ce to fadamar gida ta haramta gare ni. Na ce na ji.

Na ɗauki bidona na nufi famfon gari, inda ruwa ke malala ya yi kwata, inda matan garinmu da na ƙauyukan kewaye ke layi kullum. A nan na kwantar da saiwar, ban sa ƙaya ba. Kwana da kwanaki babu komai sai taɓo, ana wucewa ana ƙus-ƙus. Sannan jajayen kawuna suka leƙo, suka yi baƙi, suka bazu. Mata suka fara zuwa da gwangwanin tumatir, ina ba su, ina faɗa musu sharaɗin.

Wata safiya ina cikin layi sai aka yi tsit. Baba Illo ne, da hauya a kafaɗa. Mata suka dare. Ya tsaya a kan kwatar ya ɗaga hauyar, ni kuma na ajiye bokitina na matso har inuwarsa ta rufe ni. Ban ja baya ba.

Na ce, "Sara, Baba. Ka hi kowa sanin halinta. In ka raba ta goma, goma za su tashi, kuma ruwan nan zai kai su har bakin gulbi."

Hauyar ta daɗe a sama. Ƙamshin ya cika wurin, don ƙafarsa na kan ganyen. Na ga hancinsa ya buɗe, na ga idonsa ya kawo ruwa, ban sani ba ko yajin ganyen ne. Ya sauke hauyar a hankali ya dogara da ita kamar sanda.

"Delu," in ji shi, bai dube ni ba. "Tana da ƙarhi?"

Na ce, "Tana nan da ranta. Akwai waya a gidan maƙwabciyarta."

Bai ce a kira ba. Ya ɗage ƙafarsa daga kan ganyen, ya juya ya tafi. Har yau ba ya amsa gaisuwata, fadamar kuma ban taka ta ba. Jiya na ɗora tukunyar uwata a wuta.